Mako 12 a makarantar koyon fim ta Yaba: abin da na samu da abin da na nema na rasa

Tun ranar da na nuna gajeren fim ɗina a tsakar gidanmu, 'yan ajinmu da 'ya'yan maƙwabta ke tare ni da tambaya ɗaya: makarantar nan da kika je, ta ci kuɗinta kuwa? Amsar ba ta shiga baki ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, domin akwai wuraren da zan yi ƙorafi, kuma mutanen da ke cikinta sun koya min abin da zan daɗe ina amfani da shi.

Ni 'yar Agege ce. A nan aka haife ni, a nan aka haifi Baba. Kakana ne ya biyo jirgin ƙasa daga Kano da fataucin goro, ya sauka a tashar Agege, daga nan komawa gida ta zama sai ziyara. Yanzu ina aji uku a Jami'ar Legas da ke Akoka, ina karanta labarin ƙasa, kuma ɓangaren da ya kama min zuciya shi ne na jama'a: ƙaura, kasuwanni, yadda birni ke faɗaɗa, wa ke zaune a ina, da abin da ya zaunar da shi a nan.

Bara da rani muka fita aikin bincike kasuwar Mile 12, mu biyar. Mu muka tsara takardar tambayoyin da hannunmu, muka ce za mu yi magana da 'yan dako arba'in. Da yake ni kaɗai ke jin Hausa a cikinmu, yawancin hirar ta faɗo kaina. Tambaya ta shida ita ce, me ya kawo ka Legas? A ƙarƙashinta akwai gida huɗu: neman aiki, aure, karatu, wani dalili. Na yi wa wani dattijo ɗan ƙasar Gumel wannan tambaya, sai ya sauke gammonsa ya zauna a kan kwandon da aka kife. Ya fi minti ashirin yana magana. Ya faɗi shekarar da gero bai yi ba, da bashin takin da ya hau kansa, da 'yarsa ta uku da yake son ya yi wa kayan ɗaki, da ɗan garinsu da ya kira shi a waya ya ce akwai wurin kwana. Da ya gama, na duba takardata na sa alama a gidan farko. Neman aiki. A mota muna komawa na ji abin yana cina, domin na san na karɓi buhu guda na ba da tiya. A ranar na fara tunanin kyamara.

Makarantar tana saman wani bene a wani lungu da ya fita daga titin Herbert Macaulay, ba nisa da Sabo. Daga Akoka tafiya ce 'yar kaɗan, ko da akwai cunkoso. Karatu Asabar da Lahadi ne, ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma, mako 12, kuɗi naira 220,000, ana iya biya sau biyu. Suna koyar da ɗaukar hoto, ɗaukar sauti, ba da umarni da haɗa fim a kwamfuta, a ƙarshe kowa ya fitar da fim na minti biyar zuwa goma.

Da na kai wa Baba maganar, ya daɗe yana kallona.

"Uwata, fim kuma? Irin na rawa da waƙa?"

"A'a Baba. Irin wanda ake zama da mutane a ji labarinsu daga bakinsu. Karatuna ne dai, amma da hoto."

"To. Amma duk inda za ki je ɗaukar hoton nan, da yayanki za ki."

Shi ya biya rabi. Ragowar na cika da kuɗin adashena da ribar hijaban da nake sayarwa a ɗakin kwanan ɗalibai.

Mu goma sha shida ne a ajin, mata biyar, ni kaɗai Bahaushiya. Kyamara uku ce, biyu Canon ɗaya Sony. Duk wanda ya iya lissafi ya ga matsalar tun daga nan: ranar da aka ce za a yi gwaji, da wuya kyamara ta yi minti ashirin a hannun mutum kafin na bayansa ya miƙo hannu. A takardar tallarsu an rubuta cewa kowane ɗalibi zai riƙe kayan aiki tun makon farko. Ba su yi ƙarya ba, amma riƙon bai isa ya zaunar da hannu ba. Ni da wayata na riƙa cike gurbin a tsakiyar mako, ina maimaita abin da aka nuna mana.

Darasin hoto ya yi kyau, ba zan tsaya a kansa da yawa ba. An koya mana yadda ake daidaita haske da abubuwa uku, da yadda ake raba allo gida tara a ajiye idon mutum a mahaɗar layi, da layin da ba a tsallakawa idan mutum biyu na magana don kada mai kallo ya rikice wa ke dama wa ke hagu. Abu ɗaya da ya zauna min shi ne maganar wutar lantarki. Wutar Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Kyamarori da wayoyi da yawa suna zuwa a saite da hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya dace da can. In ka ɗauki hoto haka a ƙarƙashin fitilunmu, sai ka ga haske yana ƙyafta ido a allo. Maganinsa shi ne ka mayar da ita hoto 25 a daƙiƙa, makullin haske kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa. Na shekara ina ganin wannan ƙyaftawar a bidiyon bukukuwanmu ban san dalili ba.

Wadda ta fanshi kuɗina ita ce malamar sauti. Bayarabiya ce, ta manyanta, ta yi shekaru tana aikin rediyo kafin ta shigo fim. Ranar farko da ta shigo ta ce a kulle kyamarorin a kabad. Ta fitar da mu barandar bene, ta ce kowa ya rufe ido minti goma, bayan nan ya rubuta duk ƙarar da ya ji da wajen da ta fito. Na rubuta tara: hon ɗin danfo (motar hayar Legas), janareta, mai kiran fasinja zuwa Oyingbo, da makamantansu. Ita ta rubuta fiye da ashirin. A cikin nata har da injin niƙa a bayan gida, da ƙarar fanka daga shagon ƙasa, da janareta biyu daban waɗanda ni na haɗe su ɗaya. Ta ce mana mai kallo zai haƙura da hoto mai duhu, amma da zarar ya kasa jin abin da ake faɗa, ya tashi. A Legas kuwa babu wurin da ya yi shiru, don haka mai ɗaukar sauti a nan dole ya san maƙiyansa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙa'idojinta kaɗan ne, amma ba ta ɗaga ƙafa a kansu. Makirufo kada ya wuce taƙi ɗaya ko biyu daga bakin mai magana. Kada ka taɓa naɗar sauti ba ka sa abin ji a kunne ba. Ma'aunin ƙarfin murya ya riƙa yawo wajen 12 ƙasa da sifiri, don in mutum ya yi dariya ko ya ɗaga murya sautin kada ya fashe. Kafin ka bar kowane wuri, ka roƙi kowa ya yi shiru minti ɗaya ka naɗi numfashin wurin, domin da shi za ka like tsakanin maganganu lokacin haɗawa. Na ɗauka wannan na ƙarshen ƙa'ida ce kawai ta makaranta, sai da na zauna gaban kwamfuta na ji yadda sauti ke faɗawa rami duk inda na yanka, sannan na gane.

Akwai abin da ta yi min wanda babu shi a manhajarsu. Na ce mata yawancin waɗanda zan yi hira da su ko dai mata ne masu hijabi ko maza masu manyan riguna, ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga kuma yana kwasar gogar yadi. Ba ta ce min in cire hijabin ko in nemi wasu mutane ba. Ta zauna da ni bayan an tashi, muka gwada a nawa hijabin har sau shida, da filastar asibiti da ɗan soso, sai da muka gano wurin da ba ya shafar yadi, wato ƙarƙashin haɓa daga gefe. Ta kuma sa na zo da Yaya wata Lahadi ta koya masa yadda zai maƙala wa maza, don ta fahimci ba zan kai hannu ƙirjin dattijo ba. "Omo mi" take kirana, wato 'yata, ni kuma Mama.

Inda na fara cin karo da makarantar shi ne mako na biyar, ranar da kowa zai faɗi fim ɗin da yake son yi. Malamin ba da umarni saurayi ne mai basira, ya yi bidiyon waƙoƙi da tallace-tallace, kuma idonsa na ganin hoto. Na tashi na ce ina son in bi kwandon tumatir daga bayan tirela zuwa hannun mai saye, ta wajen 'yan dakon da ke ɗaukarsa. Ya ce abin ya yi, Mile 12 akwai kala. Sai ya zana min yadda zan buɗe: jirgi marar matuƙi ya taso ta saman Gadar Third Mainland, danfo masu ruwan ɗorawa, cincirindon mutane, sannan jan tumatir ya cika allo. Game da mutanen kuma, ya ce in tsaya daga nesa da dogon idon kyamara in ɗauke su ba su sani ba, wai hakan ya fi fitowa da gaskiya.

Ban yarda ba, kuma har yau ina kan bakata. Gadar nan mai tsawon kilomita 11.8 ba ta kan hanyar tumatir ɗina, tirelar da ta fito daga Ibadan ba ta da abin yi a kanta kafin ta kai Mile 12. Batun ɗauka daga nesa kuwa, wanda ya san kasuwar ya san abin da kyamara ke nufi a wurin mutanenta. A watan Maris na 2016 an yi rikici a yankin, an rasa rayuka, gwamnatin jiha ta rufe kasuwar na ɗan lokaci. A 2022 aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida, daga baya aka ƙara huɗu har da Kosofe inda kasuwar take, kuma da yawa daga waɗanda abin ya shafa 'yan Arewa ne. Mutanen nan sun saba ganin kyamara ranar da wani abu ya ɓaci. In ka laɓe ka ɗauke su, ka tabbatar masu da zatonsu ke nan. A sashenmu na jami'a, kafin a bar ka ka fita da takardar tambaya sai an nanata maka cewa ka gabatar da kanka, ka faɗi abin da za ka yi da maganar mutum, ka ba shi damar ya ƙi. A makarantar fim ɗin, duk abin da aka yi a kan wannan shi ne aka raba mana takardar amincewa shafi ɗaya da Turancin lauyoyi, aka ce a sa hannu. Ko maganar cewa tashin jirgi marar matuƙi na buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, a gurguje aka ambace ta. Wannan shi ne babban giɓin da na gani: mako 12, ba a ware ko yini ɗaya ba a kan yadda ake shiga cikin mutane.

Takardar na fassara ta Hausa da taimakon Baba. Duk wanda zan ɗauka sai na karanta masa a bayyane, na naɗi amsarsa da muryarsa. Wasu suka dangwala yatsa, mutum biyu suka rubuta sunansu da ajami.

Shiga kasuwar kuma Kawu ne ya buɗe min ƙofa, ƙanin Umma, dillalin albasa da ya shekara fiye da ashirin a wurin. Ya kai ni da Yaya wajen shugabannin ɓangaren kayan gwari, muka gaisa, muka ajiye goron da Baba ya ba mu, na yi bayani. Babban cikinsu ya ce, "'Yar nan, ba mu hana ki ba. Amma wanda ya ce kada ki ɗauke shi, ki sauke abin nan." Na ce, "In sha Allahu, ranka ya daɗe." Sau uku na je ba kyamara, ina zaga wurin da littafi, ina zana inda tireloli ke tsayawa, inda ake sauke kaya, inda ake ciniki, inda mai shayi yake, inda masallaci yake, da ƙarfe nawa kowane wuri ke cika. Wannan ba makarantar fim ta koya min ba, aikin taswira ne na aji biyu. Amma shi ya gaya min inda zan kafa kyamara.

A zuwa na biyu na hango dattijon nan na bara, a gindin rumfar da na bar shi.

"Baba, ka gane ni?"

"'Yar takarda! Kin dawo?"

"Na dawo, Baba. Wannan karon ba takarda, bakinka nake so mutane su ji."

Ba sa'a ce ta haɗa mu ba. Ya koma gida da damina ya yi noma, bayan an kai amfani rumbu ya dawo wajen maigidan da ya saba sauke mutanen garinsu. A aji an karantar da mu abin da Farfesa Akin Mabogunje ya rubuta a 1970, cewa ƙaura daga ƙauye zuwa birni tsari ce mai zagayawa: labarin da wanda ya riga zuwa ya aika gida shi ke yanke wa zai biyo baya da inda zai sauka. Bahaushe ya daɗe da sa wa nasa suna, cin rani. A rumfar nan kaɗai na ƙirga mutum bakwai daga ƙauyuka uku da ke maƙwabtaka da juna. Ina tsaye a wurin na tuna cewa ƙidayar 2006, wadda ta ba jihar Legas mutum miliyan tara da ɗoriya gwamnatin jiha kuma ta ce sun kai miliyan 17 da rabi, a watan Maris aka yi ta, tsakiyar rani. Mutum irin wannan dattijon, ɗan ina ne a lissafi?

Sai rigimar aron kyamara. Dokar makarantar ita ce kowane ɗalibi yana da kwana biyu, ya karɓa ƙarfe tara na safe ya mayar ƙarfe biyar na yamma. Na ce masu ƙarfe tara a Mile 12 an gama abin da nake nema, sauke kaya tun kafin asuba ake farawa. Suka ce sai na ajiye naira 50,000 jingina kafin kyamara ta kwana a hannuna. Ba ni da su. Mama ce ta je ofis ta tsaya min. Ban ga laifinsu ba da suke tsoron kayansu, amma makarantar da ke cewa tana koyar da fim na gaskiya ya kamata ta san rayuwar mutane ba ta bin lokacin ofis.

Muka kwana gidan Kawu a Ketu, ƙarfe huɗu saura muna cikin kasuwa. Watan Fabrairu ne, lokacin da tumatir ɗin noman rani na Kadawa da Kura da Ɗanja ke kwararowa. Tirela ta taso daga Kano, ta bi Zariya da Kaduna, ta gangaro Mokwa, ta haye kogin Kwara a Jebba, ta wuce Ilori da Ogbomosho da Oyo da Ibadan, tafiyar kilomita wajen dubu, kwanduna jere a kan juna, na ƙasa suna ɗigar da ruwa. Fitila ɗaya ce a saman rumfa sai tocilan waya. A nan na gode wa darasin haske, domin na san yadda zan buɗe idon kyamara ba tare da hoton ya cika da yashi ba, na kuma juya mutane su fuskanci fitilar maimakon in ba ta gaba. Yaya na riƙe da sandar makirufo, abin ji na kunnena. Na ji janaretan mai cajin waya yana cinye muryar dattijon, muka roƙi mai shi ya kashe na minti goma, muka biya shi kuɗin cajin da ya rasa. Da ban zauna barandar nan ido rufe ba, da ban ji shi ba sai a gaban kwamfuta, lokacin da ba gyara.

Dattijon ya yi magana kamar bara, har ya fi. A tsakiya ya ce, "Legas gonata ce ta biyu. Can ina shuka gero, nan ina shuka ƙarfina." Da wannan maganar na buɗe fim ɗin, allo baƙi, sai muryarsa da ƙarar kwando na sauka.

Mako huɗu na ƙarshe na haɗawa ne. Kwamfuta huɗu, mutum goma sha shida, janareta kuma ƙarfe huɗu daidai ake kashe shi ko kana tsakiyar me. Abin da na yaba shi ne sun zaɓi manhajar haɗa fim ta DaVinci Resolve, wadda ke da nau'in kyauta, don haka abin da ka koya kana iya ci gaba da shi a gida in kwamfutarka na da ƙarfi. Malamin haɗawa mai haƙuri ne, ya iya bayani.

A nan kuma aka yi min ɓarnar da ta fi ciwo. An ce mu zuba hotunanmu a babban rumbun ajiyar makaranta. Na kwafi na ranar farko a nawa, na rana ta biyu kuma na bari sai mako mai zuwa, saboda layi ya yi tsawo an kusa kashe wuta, memorin kuma na mayar masu tare da kyamara. Kafin Asabar wani ma'aikacinsu ya share rumbun don ya samar wa wani aji wuri, memorin ma an riga an goge. Hirar da na yi da direban tirela ta tafi, wadda ya lissafa min shingayen hanya da inda yake tsayawa sallah da yadda zafin rana ke cin kaya in mota ta lalace. Sun ba ni haƙuri, sun ƙara min yini ɗaya na kyamara kyauta. Direban kuwa ya riga ya kama hanyar Arewa. Duk wanda zai je, ya sayi rumbun ajiyarsa tun makon farko, kuma kada ya miƙa memori sai ya ga aikinsa a wuri biyu.

Matsala ta ƙarshe ita ce harshe. Fim ɗina Hausa ne daga farko har ƙarshe, kuma babu malami ko ɗaya da ke ji. Malamin haɗawa da ido yake yanka, inda ya ga hoto ya daɗe sai ya ce a cire. Ya so in zubar da gaisuwar da muka yi da dattijon gaba ɗaya, ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya mutanen gida, wai daƙiƙa arba'in ba a ce komai ba. Na rage rabi na bar rabi, domin Bahaushen da ya ga yarinya ta faɗa wa dattijo da tambaya ba gaisuwa zai daina sauraron fim ɗin ya koma mamakin tarbiyyarta. Wajen rubuta fassara a ƙasan allo ma mun ja. Ya ba ni kalmar Turancin da ke nufin wanda talauci ya koro, na ce ba ita ba ce, mutumin nan yana da gona da rumbu da ranar komawa. Na bar cin rani yadda take, na yi bayaninta a allo ɗaya a farko. Sannan da na rubuta sunan fim ɗin da sunayen garuruwa, ƙ da ɗ da ɓ duk suka koma akwatuna. Babu wanda ya san dalili a ajin. Wani ɗan sashenmu ne ya nuna min cewa salon rubutun ne ba shi da haruffan, na koma Noto Sans, suka fito.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa a kan malamin ba da umarni: da ya ga taswirar da na yi da manhajar zana taswira ta QGIS, jan layi yana tafiya daga Kano yana tsayawa a kowane gari har Legas, ya tsayar da aji ya ce in nuna wa kowa yadda na yi. Ya ce bai taɓa tunanin taswira na iya ɗaukar wurin jirgin da ya so mu tayar ba. Na ji daɗin wannan, kuma ya ƙara masa daraja a idona.

Ƙananan abubuwa: babu wurin sallah, makonni biyun farko a kan matattakala nake shimfiɗa darduma, da na yi magana suka buɗe min ɗakin ajiya. Banɗaki ɗaya ne maza da mata. Bayan kuɗin makaranta na kashe wajen naira 70,000 a rumbun ajiya, batura, mota, ɗan ihsanin waɗanda na tsayar daga aiki, da naira 10,000 ta takardar shaida wadda ba a faɗa mana ba sai makon ƙarshe. Takardar kuma shaidar halarta ce kawai. Mai neman digiri a fim ya duba Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos. Ba a koya mana komai a kan inda za mu kai fim bayan mun gama ba. Daga bakin Mama na ji labarin bikin iREP na fina-finan gaskiya da aka sha yi a Freedom Park, tsohon gidan yarin titin Broad, kuma ina da niyyar gwadawa.

To, ta ci kuɗinta? Wanda ke da labarin da ke cinsa, ya san mutanensa, hannu da kunne kawai yake nema, ya je, zai samu, musamman in malamar sautin tana nan. Ya tambaya kafin ya biya. Ya kuma tambayi ɗalibai nawa ne a aji da kyamara nawa ke aiki. Wanda kuma yake jiran makarantar ta nuna masa abin da zai ɗauka da yadda zai tunkari jama'a, ina tsoron zai fito da gada da danfo irin na kowa. A ajinmu fina-finai shida cikin goma sha shida da gadar nan suka buɗe. In da ni ce mai makarantar, da na rage ɗalibai zuwa goma, na ƙara yini biyu a kan shiga unguwa da neman izini, na kuma nemi wanda zai riƙa taimaka wa masu yin fim da Hausa ko Yarbanci ko Ibo wajen fassara.

Fim ɗin ya tsaya a minti tara. Asabar ɗin da ta wuce muka kai shi kasuwa ni da Yaya bayan la'asar, muka ɗora kwamfuta a teburin mai shayi, muka jona 'yar lasifika. Mutum wajen talatin suka taru. Da jan layin ya iso Jebba wani ya ce a nan motarsu ta kwana biyu. Dattijon bai ce komai ba har aka gama, sannan ya ciro wata takarda daga aljihu mai lambar wayar mijin 'yarsa, ya ce in tura masu su gani. Ya ce da ruwan farko zai tafi, in ina son ganin gonar farkon, ƙofa a buɗe take.

Na faɗa wa Baba da daddare. Ya ce a bari yayana ya samu hutu a wajen aiki, sannan a kira dattijon a ji wace mota ke zuwa garinsu daga Gumel.